Amsoshin Tambayoyinku: Wane Maɗuri Ne Ke Shiga Wace Libarba?

Assalamu alaikum. Tun ranar da na faɗa a wannan fili cewa kafin in ajiye kaki na yi shekaru ina kula da ɗakin ajiyar makamai, tambayoyin bindiga suka yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa. Da yawa na ajiye su gefe. Duk wanda ya rubuto yana neman hanyar samun makami a ɓoye, ba ni da abin da zan ce masa sai ya ji tsoron Allah. A Nijar riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne, kuma babu wanda bai ga abin da yawon makamai ya jawo mana a ƙasashen Sahel ba. Waɗanda na zaɓo yau tambayoyi ne na mutanen da ke kan doka, ko masu neman su hau kanta, kuma duk sun taru a kan ɗan abu guda, wato maɗurin libarba.

Libarba ita ce ƙaramar bindigar nan mai ganga a tsakiya, gangar na da ramuka biyar ko shida ko fiye, tana juyawa a kowane harbi. Waɗanda suka yi horo da Faransanci suna ce wa gangar bariye. Shi kuwa maɗuri, wanda masu Ingilishi ke kira sifidloda, bai wuce girman ƙwan kaza ba. Yana riƙe harsasai ta gindinsu a jere cikin da'ira, a kai su bakin ramukan gangar, a sake su su faɗa gaba ɗaya, maimakon a yi ta sa su ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

Tambaya: Kawu, ni ɗan unguwar Birni ne a Damagaram, ina zaune a Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ina da takardar zama ta dindindin. Na shiga kulob ɗin harbi, na sayi Smith & Wesson 686 ta hanyar doka. Wani abokina mai Model 19 ya ba ni maɗurinsa na kamfanin HKS mai lamba 10-A, ya ce tunda dukanmu .357 muke harbawa zai yi mini. Na gwada, kawunan harsasan suna taɓa ramukan amma sun ƙi faɗawa. Bindigata ce ke da matsala?

Amsa: Ɗana, bindigarka lafiyarta ƙalau, maɗurin abokinka ma haka. Kama da wane ce ba ta wane. Ka tuna tandar masa a ƙofar gidanku. Ka samu tanda biyu, kowace gurbi shida, kowane gurbi yana cin ludayi ɗaya na ƙullu, amma ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Masar da za ta fito iri ɗaya ce, sai dai in ka kifa wannan tanda a kan waccan gurabensu ba za su haɗu ba. To, haka gangar libarba take. Lambar .357 faɗin rami kawai ta gaya maka. Ba ta gaya maka ramuka nawa ne ba, ba ta kuma gaya maka tazarar da ke tsakaninsu ba, alhali waɗannan biyun su ne maɗuri ke bi.

Kamfanin Smith & Wesson yana raba libarbobinsa gida-gida bisa girman jiki, kowane gida da harafinsa. Ƙirar J ita ce ƙarama, ta fito a 1950, yawancinta rami biyar, faɗin gangarta wajen milimita 33. Ƙirar K ita ce matsakaiciya, uwar gidan ke nan, don asalinta tun 1899 ne, daga bindigar da aka raɗa wa suna Model 10 a 1957. Gangarta wajen milimita 37, kuma a nan Model 19 ta abokinka take. Ƙirar L, inda taka take, an fito da ita a farkon shekarun 1980 saboda an ga ƙirar K tana jigata in aka daɗe ana ba ta .357 mai zafi, sai aka ƙara mata nama, gangarta ta kusa milimita 40. Sai ƙirar N, babbar yaya, wajen milimita 43. Ka ga tsakanin taka da ta abokinka milimita uku ne kacal. A ido ba komai ba ne. Amma harsasai shida ne za su shiga ramuka shida a lokaci guda, in kowane ya kauce da ɗan kaɗan, sai duk su tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa kamar yadda ka gani.

Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, ka tabbatar bindigar babu harsashi, ka buɗe gangar, ka ƙirga ramukan da idonka. Na ce ka ƙirga ne don 686 iri biyu ce. Akwai mai rami shida, akwai kuma 686 Plus mai rami bakwai, kuma daga waje kusan ba ka iya bambanta su. In shida ce, HKS mai lamba 586-A kake nema. In bakwai ce, 587-A. Lamba ɗaya ce ta raba su a jikin kwali, kuma a nan mutane suka fi yin asarar kuɗinsu. Yayin da gangar ke buɗe, ka duba jikin bindigar a wurin da hannun gangar ke kwanciya, za ka ga lambar samfurin an buga ta a ƙarfe. Ita za ka rubuta a takarda ka tafi da ita kanti. Kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya tuna, ko abin da aboki ya ce.

Wani abin da ke rikita masu saye shi ne, sunan kamfani ma ba ya yanke hukunci. Ruger GP100 mai rami shida, wadda ta fito a 1985, tana cin 586-A ɗin nan naka, ko da yake ba gidansu ɗaya ba. Amma tsofaffin Ruger na gidan Security-Six wani maɗuri suke ci, MK3-A. Colt Python tana da nata, PY-A. Colt Detective Special ƙarama ce a hannu, mutum zai ɗauka ƙanwar ƙirar J ce, alhali raminta shida, nata maɗurin DS-A. Shi kuwa 10-A na abokinka, ka mayar masa da abinsa da godiya, a bindigarsa yake sarki.

In ka samu wanda ya dace kuma har yanzu harsasan suna cijewa, ka duba abu biyu. Kwanson .357 ya fi na .38 Special tsawo da milimita uku da ɗoriya. Masu koyo suna yawan harba .38 saboda araha da sauƙin bugu, sai toka ta taru ta yi zobe a cikin kowane rami daidai inda gajeren kwanson ya tsaya. Ranar da ka sa .357, sai ya tarar da zoben ya ƙi wucewa. Buroshin tagulla da ruwan wanke bindiga ne maganinsa. Na biyu shi ne kan harsashin. Mai kai a dunƙule yana nemo ramin da kansa ya zame ciki. Mai kai a yanke, irin wanda ake harbin takarda da shi, yana tuntuɓe a leɓen rami, sai ka lallaɓa shi. Farashin maɗurin bai kai na kwalin harsashi ɗaya ba, don haka ka sayi guda ɗaya tukun, ka gwada, in ya zauna ka ƙara biyu.

Magana ta ƙarshe gare ka: ranar da za ka zo gida ganin su Inna, ka bar kayan nan duka a can. Ka zazzage jakar da kake zuwa kulob da ita, ko ma ka sake wata. Kwanso ɗaya, ko da fanko ne, in ya maƙale a kusurwar jaka aka gan shi a filin jirgin Diori Hamani, ya isa ya ɓata maka hutu.

Tambaya: Baba, ni 'yar Sabon Gari ce, ina aiki a Liyon ta Faransa. Shekara uku ina cikin ƙungiyar wasan harbi, na samu izinin hukuma, na sayi Manurhin MR 73 ta hannu. Na ga maɗuri iri biyu, na murɗawa da na dannawa. Wanne ya fi? Kuma wanda na aro a kulob yana gogar ƙotar bindigar, ba ya miƙewa.

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin riƙe bindigar kirki. An ƙera MR 73 a garin Muluz a 1973, kuma ita ce jandarmomin GIGN, rundunar Faransa ta musamman, suka yi suna da ita. Gangarta rami shida, girmanta ya yi kusa da na ƙirar K, saboda haka daga maɗuran ƙirar K za ki fara dubawa. Amma kusa ba daidai ba ce. Ki ɗauki bindigar ki je wurin mai kantin makamai, ku gwada da harsasan koyo, waɗanda babu albarushi a cikinsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na murɗawa, wato irin na HKS, yana da ɗan maɓalli a baya. Ki kai harsasan bakin ramuka, ki murɗa maɓallin dama, su faɗa. In kika girgiza shi za ki ji harsasan suna ɗan ƙwal-ƙwal a ciki. Wasu suna jin haushin wannan ƙara, ni kuwa ina ganin amfaninta, don wannan ɗan sakin shi ke ba kowane harsashi damar gyara tsayuwa ya nemi raminsa. Ba shi da laulayi, yana jure faɗuwa. Na dannawa, irin Comp I da Comp II na kamfanin Safariland, ba ya son murɗa a lokacin ɗuri. Ki tura shi kawai, da zarar tsakiyarsa ta taɓa tauraron da ke tsakiyar ganga, wato ɗan ƙarfen da ke turo kwansuna waje, sai ya saki. Comp III ya fi su tsawo, yana da sifirin da ke ingiza harsasan da ƙarfi, na 'yan gasa ne.

Bari in gaya miki abin da ya same ni, don shi ya gyara mini tunani a kan wannan. A wani horo da aka tura mu, malamin ya jera mu a rana, agogo a hannunsa. Na fitar da fankon kwansuna, na ɗauko maɗuri na murɗawa, amma don gaggawa na riƙe shi ta maɓalli. Kafin kawunan harsasan su shiga, yatsuna suka murɗa. Shida duka suka zube a yashi a gaban takalmina. Har yau ina jin nauyin shirun da ya biyo baya. Malamin bai yi tsawa ba. Ya sunkuya ya tsince su, ya hure yashin, ya kama hannuna ya nuna mini: jikin maɗurin ake riƙewa, yatsa ɗaya yana kwance tsakanin harsasai biyu yana yi musu jagora, in waɗannan biyun suka shiga sauran huɗun sun shiga, sannan a koma kan maɓalli. Ya kuma nuna mini cewa bakin bindiga sama yake kallo lokacin fitar da kwansuna, ƙasa yake kallo lokacin ɗuri, don nauyin harsasan ne ke kai su ciki. Tun daga ranar ban sake zubar da ko ɗaya ba.

To, wanne ya fi? In gasa kike so ki shiga inda ake ƙirga daƙiƙa, na dannawa ya fi sauri, motsi ɗaya ne maimakon biyu. In kuwa harbin natsuwa kike yi a mita 25, na murɗawa ya ishe ki har ki gaji. Abin da ba na so shi ne ki haɗa iri biyu a ɗamararki. Hannu abu ɗaya yake haddacewa. Ko a cikin masu murɗawar ma, na kamfanin 5 Star hagu ake murɗa shi ya saki, akasin HKS. Ki zaɓi ɗaya ki zauna a kansa.

Batun ƙota kuwa, matsala ce da ta fi yawa fiye da yadda ake zato, kuma ba laifin maɗurin ba ne. Idan ganga ta buɗe hagu, maɗuri yana buƙatar hanya miƙaƙƙiya daga baya, kuma kafaɗar ƙotar ta hagu tana kan wannan hanya. Manyan ƙotocin katako na harbin gasa, masu wurin ɗora babban yatsa, su suka fi tare ta. Ki nemi ƙotar da aka rarake mata wannan kafaɗa tun daga masana'anta. Kada ki sa wuƙa ko magagari a ta asali, don darajar MR 73 tana tare da kayanta na asali. Ki kwance ta ki ajiye, ki ɗaura wata.

A kulob za ki ga wasu suna jefa harsasai shida ko takwas a haɗe da wani siririn faranti, su rufe ganga da shi a ciki. Wannan ba maɗuri ba ne irin namu, ana ce masa munkilif. Asalinsa daga 1917 ne, lokacin da sojan Amurka suka rasa isassun bindigogi suka sa Colt da Smith & Wesson su yi libarba mai cin harsashin .45 marar leɓe, aka yi masa ɗan faranti mai siffar rabin wata yana riƙe uku-uku. Yana da sauri ƙwarai, amma sai gangar da aka yi mata gurbinsa. Kada kowa ya ruɗe ki ki kai MR 73 a yanke mata ganga saboda shi.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Zango, na haura saba'in. Kakana ya yi sojan Faransa. Da muke gyaran ɗakinsa da ruwan bana ya rusa, muka tarar da ƙaramar bindiga a naɗe cikin tsumma a ƙasan adaka. Gangarta dama take buɗewa. Jikana ya ce a intanet ana sayar da abin ɗura mata harsashi. In sa ya saya?

Amsa: Baba, ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ji ƙan magabata. Kada jikanka ya saya, kuma ina roƙonka da girman Allah kada kowa ya sake taɓa kunamarta.

Alamar da ka bayar babba ce. Kusan duk libarbar da gangarta ke fita gefe, hagu take fita. Wadda ta shahara da fita dama ita ce ta sojan Faransa samfurin 1892, wadda aka ƙera a masana'antar makamai ta Santetiyan, rami shida, harsashinta milimita 8. Ta yi yaƙin duniya na farko, ta ga na biyu, ta kuma zaga ƙasashen da Faransa ta mallaka. Samun irinta a Damagaram ba abin mamaki ba ne. Faransawa sun shigo garin nan a 1899 bayan yaƙin Tirmini, kuma nan ne babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka mayar da shi Yamai. In ka duba gefen jikinta da gilashinka, ba tare da ka juya bakinta wajen kowa ba, mai yiwuwa ka ga sunan masana'antar a rubuce.

Maɗuran da jikanka ya gani an yi su ne don .38 da .357 da .44 na bindigogin zamani, babu wanda zai hau wannan. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Bindigar da ta kwana shekaru masu yawa a adaka, damina ta bi ta kanta, ɗaki ya rushe a kanta, babu wanda ya san halin da cikin bututunta yake. Na taɓa karɓar wata tsohuwa irin wannan da aka kawo mana. Daga waje sumul, har da sauran sheƙi. Da na haska fitila ta baya, haske bai fito ba. Zanzaro ya yi gini a tsakiyar bututun, laka ta bushe ta zama dutse, tsatsa kuma ta ci ƙarfen a ƙarƙashinta. Da wani ya harba ta, a hannunsa za ta tarwatse. Kuma tsohon harsashi ba ya mutuwa don ya tsufa. In akwai wani a cikin ramukan, kada a zaƙulo shi da ƙusa, kada a buga shi, kada a jefa shi wuta.

Na san abin da ke ranka, Baba. Kayan kaka ne, ba ka son a ce ka yar. Mu mutanen Damagaram mun san darajar irin wannan. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwa ya yi mulki har 1884, maƙeran garin nan suke zuba igwa suna haɗa albarushi, ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Amma gadon bindiga ba ya zama izini. Ga abin da nake ba ka shawara. Ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa. Ka ɗauki hotonta, ka rubuta sunan kakanka da abin da ka sani na aikinsa, wannan ya zauna a gida. Sannan ka tafi komisariya ko wurin jandarma hannu rabbana, ka bar bindigar a gida, ka faɗa musu abin da kuka tarar, su su gaya maka yadda za a ɗauko ta. In ka fi so, ka fara shaida wa mai unguwa ya raka ka. Ƙasar nan tana da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma mutumin da ya kai kansa ya bayyana ba ɗaya yake da wanda aka kama da ita ba. Ka nemi su ba ka takardar shaidar cewa ka miƙa.

Tambaya: Ina fatauci tsakanin Dubai da Kasuwar Dole. Na ga maɗuran roba masu araha da aka rubuta suna shiga kowace libarba. In sayo in gwada kasuwarsu?

Amsa: Alhaji, a'a. Maɗuri mai da'ira da ke shiga kowace libarba bai wanzu ba, don dalilin da na faɗa wa ɗanmu na Amurka. Wanda ya rubuta haka a kwali ya yi ƙarya tun kafin a buɗe. Ban da haka, kayan bindiga ba takalma ba ne da za ka cusa a kwantena. 'Yan duwan, wato kwastan, za su tambaye ka takarda, kuma masu izinin riƙe libarba a garin nan ba su kai yawan da za su zama kasuwa ba. Sauran masu sayen da za su zo maka, ba irin mutanen da kake son su san shagonka ba ne. Ka sa kuɗinka a abin da ka sani.

Tambaya: Yaya, ni baduku ne, a Birni nake aiki. Wani mai takardar izini ya kawo mini aikin kube da zabira biyu na maɗuri. Ya ce bindigarsa Taurus ce ƙarama. Bai kawo komai ba, ya ce in ƙiyasta. Yaya zan auna, kuma wace fata ta dace?

Amsa: Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya, don aikin dukawan Damagaram ba ya buƙatar talla, kuma na fi son in ga kube na gida a ƙugun ma'aikaci da in ga na roba. Amma kada ka ƙiyasta. Kamar a ce ka ɗinka takalmi ne ba ka ga ƙafa ba. Ka ce ya nuna maka takardarsa da idonka, wannan kariya ce gare ka. Sannan ya kawo maɗurin kansa, fanko.

Taurus kamfanin Barazil ne, kuma ƙananan libarbobinsa suna da tarko irin na 686. Samfurin 85 rami biyar ne, yana cin HKS 36-A, wanda shi ne na ƙirar J ta Smith & Wesson da kuma Ruger SP101 mai rami biyar. Samfurin 856 kuwa, da ya yi kama da shi sosai, rami shida ne, maɗurinsa ya fi faɗi. Zabirar da ka ɗinka wa na biyar za ta matse na shida. Tsawo ma ya bambanta: na HKS gajere ne mai maɓalli a sama, Comp III dogo ne, kuma harsashin .357 ya fi na .38 tsawo. Abin da na ga ƙwararru suna yi shi ne su sa masassaƙi ya fafe musu ɗan gungume daidai faɗi da tsawon maɗurin cike, su jiƙa fata su ja ta a kansa, su bar ta ta bushe a inuwa. Ta haka zabirar ke riƙe siffarta, ba ta lanƙwashewa ta danne abin da ke ciki. Wannan yana da muhimmanci ga na dannawa, don in wani abu ya tura tsakiyarsa a cikin zabira zai saki harsasan. Ƙasan zabirar ya zama shimfiɗe, babu kan ƙusa, babu ƙullin zare a tsakiya. Ka rage bangon gefe biyu kaɗan yadda yatsu za su kama jikin maɗurin, ba maɓallinsa ba.

Batun fata, ga abin da za ka gaya wa mai aikin. Kwanson harsashi tagulla ne, kuma tagulla in ta daɗe tana manne da fata, musamman wadda ta sha mai, sai ta fara fitar da wani kore-kore mai danƙo. Na sha buɗe zabirar da aka manta da ita tun kafin damina, in tarar harsasan sun yi kamar an shafa musu kuka, sun manne da juna, ba sa zamewa cikin rami. Jimar bagaruwa tana da kyau da ƙarko, amma ba ta hana wannan. Ka yi wa cikin shafi da ƙyalle mai santsi, kada ka shafa mai a ciki, shi kuma ya riƙa fitar da su yana gogewa da busasshen tsumma. Masu kwanso fari na nikal sun fi jure wannan.

Sai ƙura. Kai ma ka san yadda hunturu ke yi mana a nan, ka share shago da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kan teburi. Zabira mai buɗaɗɗen baki ta 'yan gasar Turai ce, a nan dole sai da marfi mai rufewa ruf. Ƙwayar yashi ɗaya in ta bi harsashi ta shiga ƙarƙashin tauraron ganga, tauraron ba zai koma mazauninsa ba, gangar ta ƙi rufuwa ko ta yi nauyin juyawa. Kada ya sa wa maɗurin mai ko kaɗan, mai da ƙura in suka haɗu taɓo suke zama. Tsohon buroshin haƙori busasshe ya wadatar.

In mutumin naka mai jallabiya ne ko babbar riga, wataƙila ma zabira mai da'ira ba za ta yi masa daɗi ba, don tana tokaro tufa. Akwai wani siririn madauri na roba, irin Speed Strip na kamfanin Bianchi, da ke riƙe harsasai shida a layi ɗaya, ana sa su biyu-biyu a ɓalle. Ya fi maɗuri jinkiri, amma shi kam bai damu da faɗin ganga ko yawan ramuka ba, muddin harsashin .38 ne ko .357. Zabirarsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar gidan laya, tsawonta bai wuce na ɗan yatsa da kaɗan ba, kuma guntun fatar akuya da ya rage maka daga aikin takalmi zai fitar da guda biyu.